Wai mene ne "lasisi" da masu takarar nan suke ta ambata?

Kwanan nan duk inda ma'aikatan walwalar jama'a suka taru maganar ɗaya ce, lasisi lasisi, musamman da aka fara neman kujerun shugabanci a hukumomin da ke bayar da shi. Jiya ma na saurari wani ɗan takara a rediyo yana cewa idan aka zaɓe shi zai "kare mambobinmu, babu wanda zai taɓa lasisin ɗan'uwanmu". Wallahi raina ya ɓaci, domin da wannan magana kaɗai mutumin ya nuna bai san kujerar da yake nema ba.

Kalmar dai daga Turanci muka aro ta, su kuma sun samo ta ne daga Latin, licentia, ma'anarta izini. To shi izini kowa ya san halinsa, akwai mai bayarwa, akwai sharaɗi, kuma wanda ya ba ka yana iya cewa dawo da shi. A nan ya rabu da satifiket. Digirinka naka ne, ko ka shekara 20 ba ka taɓa aikin ba yana nan cikin akwati, shaida ce cewa ka yi karatu ka gama. Lasisi kuwa aro ne hukuma ta ba ka a madadin jama'a, shi ya sa ake sabunta shi, a Ingila ma duk shekara sai ka sabunta rajistarka ka nuna ka ƙaro ilimi, kuma a can tun 2005 laifi ne mutum ya kira kansa da sunan wannan sana'a alhali ba ya cikin rajista.

Amma ruɗanin da ya fi damuna shi ne na ƙungiya da hukuma. Ƙungiya taku ce ku ma'aikata, ku kuka kafa ta, kuna biyan kuɗin mamba, ita ke muku faɗa kan albashi da yawan aiki, kuma wannan abu ne mai kyau, ni ma ina goyon baya ɗari bisa ɗari. A Amurka ƙungiyar ma'aikatan walwalar jama'a ta ƙasar, NASW, ke wannan aikin tun 1955. Hukumar lasisi fa doka ce ta kafa ta, kuma ba don ku aka kafa ta ba, don mutanen da kuke shiga gidajensu ne. Shi ya sa hukumomin jihohin Amurka suka yi nasu haɗin daban a 1979, wanda yau ake kira ASWB, har da hukumomin lardunan Kanada a ciki, ita ke shirya jarrabawar lasisi, kuma wakilan hukumomin ne ke zaɓen shugabanninta. Ingila na da hukumar Social Work England da ta karɓi aiki a Disamban 2019, Najeriya ma an sa hannu kan dokar kafa majalisar wannan sana'a a ƙarshen 2022.

Ku ɗan tsaya ku kalli aikin da idon wanda ake yi wa. Mace ce zaune a ɗakinta, an ƙwanƙwasa ƙofa, ga baƙo da fayil a hannu, ya zauna yana tambayarta me yaron ya ci yau, ina yake kwana, wannan tabon na hannunsa fa, yana tambaya yana rubutu ita kuma ba ta ganin abin da yake rubutawa, hannunta sai rawa yake tana ta gyara wa yaron riga. Takardar nan za ta je gaban alƙali, kuma da ita za a iya yanke ko yaro ya zauna da uwarsa ko a ɗauke shi. Ba ita ta zaɓi ma'aikacin ba, ba ta da halin cewa a canza mata wani, ba ta ma san ko ya iya aikin ko bai iya ba. Yanzu a ce ya rubuta ƙarya, ko ya kwashe sirrinta ya kai waje, ko ya nemi wani abu a wurinta da bai dace ba, ina za ta kai kuka? Hukumar lasisi za ta je. To sai ta tarar shugaban wurin ya hau kujera ne da alƙawarin babu mai taɓa ɗan'uwansa. An ba kura ajiyar nama kenan.

Don haka mai neman wannan kujera ya sani cewa wata rana fayil ɗin abokin karatunsa zai zo kan teburinsa, kuma aikinsa ne ya janye daga zaman idan kusancin ya yi yawa, ko ya sa hannu a dakatar da shi idan laifi ya tabbata. Wanda zuciyarsa ba za ta iya ba, ya nemi shugabancin ƙungiya, can ma ana buƙatar mutanen kirki.

Kar kuma a ɗauka ina cewa duk abin da hukuma ta yi daidai ne, a'a. Izini ƙofa ce, mai riƙe da makulli yana iya zalunci. A 2022 ASWB ta fitar da alƙaluman jarrabawarta da kanta, a babban matakin lasisi na masu duba lafiyar ƙwaƙwalwa wajen kashi 84 na farar fata ke ci a zaman farko, baƙar fata kuwa kashi 45. Wannan tazara ba ƙarama ba ce, kuma dole a tambaya shin jarrabawar ƙwarewa take aunawa ko wani abu daban. Jihar Illinois ta Amurka ma tun farkon shekarar ta cire jarrabawa a ƙaramin matakin lasisi. Ni ban yarda a zubar da tantancewa gaba ɗaya ba, saboda matar can da ke ɗaki, amma ƙofar da ke hana ƙwararru shiga ita ma matar take cutarwa, tunda ma'aikata sun yi kaɗan ga masu buƙata sun yi yawa.

Irin tambayoyin da nake so a yi wa ɗan takara kenan a rediyo. Wata nawa ƙorafi ke ɗauka kafin a saurare shi a hukumarku, kuma wanda bai iya karatu ba ta yaya zai shigar da nasa? Mutumin jiya minti 30 ya yi yana magana, ko sau ɗaya bai ambaci mai kawo ƙorafi ba.