Tambayar Ministoci da Kwamishinoni a Majalisa

Tambayar ministoci a majalisa hanya ce da wakilan jama'a ke bi su sa masu riƙe da ma'aikatun gwamnati su faɗi abin da suka yi da ikon da aka danƙa musu da kuma kuɗin da aka ware musu. A Najeriya ministoci ne ke amsawa gaban Majalisar Dattawa mai kujeru 109 da Majalisar Wakilai mai kujeru 360, a jihohi kuwa kwamishinoni ke amsawa gaban majalisar dokokin jiha. Ta Jihar Kaduna tana da kujeru 34, kuma tana zama a harabar Zauren Lugard da ke tsakiyar garin Kaduna. Wannan aiki reshe ne na abin da ake kira sa ido, kuma ginshiƙinsa ɗaya ne: baitulmali na talakawa ne, mai riƙe da makulli kuwa ɗan aike ne, dole ya dawo da bayanin aike.

Tsari biyu

A tsarin firaminista irin na Ingila, ministoci 'yan majalisa ne. Suna zaune a zauren tare da masu tambayarsu, kuma an keɓe lokacin tambayoyi a cikin jadawalin zama. Firaministan Birtaniya yana amsa tambayoyi kowace Laraba idan majalisa na zama, na kimanin rabin sa'a, tun 1997. Kafin nan sau biyu ake yi a mako, minti 15 kowane. A Indiya an ware sa'a guda ta tambayoyi, wasu a amsa da baki, wasu a rubuce. Ghana ta haɗa biyun: tana da shugaban ƙasa mai cikakken iko, amma kundin tsarin mulkinta na 1992 ya ce mafi yawan ministoci daga majalisa za a ɗauko su.

Najeriya ta bar wancan tsari ta ɗauki na shugaba mai cikakken iko irin na Amurka a 1979. A nan an raba gari tsakanin masu yin doka da masu zartarwa. Ɗan majalisar da aka naɗa minista ko kwamishina ya bar kujerarsa ke nan daga ranar da ya sha rantsuwa. Saboda haka babu wata ranar da aka san kwamishina zai zo da kansa ya tsaya a yi masa tambayoyi. Sai an gayyace shi, kuma yawancin tambayar a ɗakin kwamiti ake yin ta, ba a babban zaure ba.

Zamanin Jihar Arewa

Kaduna ta ga tsarin biyu da idonta, a harabar gini ɗaya. Kundin tsarin mulki na Richards na 1946 ne ya kawo majalisun yankuna, ta Arewa ta zauna a Kaduna tare da Majalisar Sarakuna. A farko babu ministoci 'yan ƙasa, turawan mulki ne ke amsa tambaya. A cikin wannan hali ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a watan Agusta 1950 ya gabatar da ƙudurin neman a sake duba yadda ake tafiyar da mulkin en'e. Magana ce mai nauyi a lokacin, domin ta taɓa sarakuna da turawan da ke bayansu, kuma har yau ana tuna ta a matsayin ranar da wani wakili ya nemi masu iko a Arewa su yi bayanin kansu.

Kundin Macpherson na 1951 ya buɗe ƙofar naɗa ministoci, a 1954 kuma Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya zama Firimiya. Ministocinsa, irin su Alhaji Aliyu Makaman Bida na kuɗi da Alhaji Isa Kaita na ilmi, a cikin majalisar suke zaune. Wakili daga Borno ko Ilori ko Kabba yana iya miƙa tambaya a kan asibitin lardinsa ko hanyar da damina ta cinye, minista ya tashi ya amsa a gaban kowa, a rubuta cikin kundin muhawara. Ana magana da Hausa da Turanci. Jam'iyyar NPC ce ke da rinjaye mai yawa, 'yan hamayya ƙalilan ne, cikinsu har da Alhaji Ibrahim Imam wanda ya jagorance su, amma ƙarancinsu bai hana su haƙƙin tambaya ba. Juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 ne ya rufe wannan babi.

Abin da kundin 1999 ya tanada

Sashe na 67 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya wajabta wa minista ya halarci kowace daga cikin majalisun tarayya biyu idan an gayyace shi ya yi bayanin yadda yake gudanar da ma'aikatarsa. Sashe na 108 ya ɗora wa kwamishina irin wannan nauyi a gaban majalisar jiha. Ikon bincike kuwa yana sashe na 88 da 89 ga tarayya, 128 da 129 ga jihohi. Waɗannan sassa sun ba majalisa damar kiran kowane mutum ya ba da shaida bisa rantsuwa, ta nemi takardu, idan kuma wanda aka aika wa sammaci ya ƙi zuwa ba tare da hujja ba, ta fitar da takardar da za a kawo shi da ita ala tilas, ta hannun 'yan sanda ko wanda kakakin majalisa ya wakilta.

Amma ikon yana da iyaka. Kundin ya ce za a yi bincike ne don dalili biyu: yin doka ko gyara wadda ke da naƙasu, da kuma tona asirin cin hanci, rashin iya aiki ko almubazzaranci wajen aiwatar da doka da kashe kuɗin da majalisar ta amince da su. Majalisa ba kotu ba ce. Ba ta ɗaure mutum a kan satar kuɗi, ba ta kuma iya korar minista ko kwamishina. Wanda ya naɗa shi ne kaɗai ke iya sauke shi. Abin da take iyawa shi ne ta fallasa, ta miƙa rahoto ga hukumomi irin su EFCC da ICPC, ta gyara doka, ko ta riƙe bakin jaka.

Tambayar farko da ake yi wa minista ko kwamishina tana zuwa ne tun bai hau kujera ba, wato lokacin tantancewa, bisa sashe na 147 da na 192. Gyaran kundi na 2023 ya ƙara da cewa shugaban ƙasa ko gwamna ya miƙa sunayen cikin kwana 60 da rantsar da shi. Sai dai an saba aika sunaye ba tare da faɗin ma'aikatar da mutum zai riƙe ba, ga kuma al'adar ce wa tsohon ɗan majalisa ya rusuna ya wuce ba tare da an yi masa tambaya ba. Wannan asara ce babba, domin ita ce rana ɗaya da majalisa ke da cikakken ikon cewa a'a ga naɗin nasa.

Zaman kare kasafi

Inda tambaya ta fi yin tasiri shi ne lokacin kasafin kuɗi. Sashe na 120 ya hana taɓa kuɗin asusun jiha sai da iznin doka, sashe na 121 kuma ya sa gwamna ya gabatar da ƙiyasin shekara mai zuwa. Bayan karatu na biyu sai a rarraba kasafin ga kwamitoci, kowace ma'aikata ta zo ta kare nata.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan zama ya san fasalinsa. 'Yan kwamiti a gefe ɗaya na dogon tebur, shugabansu a tsakiya. Kwamishina a ɗaya gefen, babban sakatare a kusa da shi, daraktan kuɗi da na tsare-tsare a baya rungume da fayil-fayil. Za a buɗe da addu'a, a gabatar da juna, a yi ta "Honorabul" da "ranka ya daɗe". Kwamishina ya karanta jawabinsa. Idan aka tsaya nan, an yi zaman banza. Zaman ya fara amfani ne daga lokacin da wani ɗan kwamiti ya buɗe takardar bara ya ɗora yatsa a kan layi ɗaya ya ce: mai girma kwamishina, wannan asibitin da ke mazaɓata, nawa aka ware masa, nawa aka saki, nawa aka biya ɗan kwangila, kuma me ke ƙasa yanzu? Sau da yawa a nan za ka ga kwamishina ya karkata, babban sakatare ya raɗa masa magana a kunne, darakta ya miƙo wata takarda daga baya.

Waɗannan tambayoyi huɗu su ne zuciyar aikin baki ɗaya, domin lamba huɗu ce daban-daban. Abin da aka ware a kasafi alkawari ne kawai. Abin da ma'aikatar kuɗi ta saki yakan gaza shi, musamman a ɓangaren manyan ayyuka, tunda albashi da biyan bashi ke fara cin rabonsu. Abin da aka biya kuma ba lallai ya yi daidai da aikin da ido zai gani ba. Aikin da ke dawowa cikin kasafi shekara uku a jere da suna ɗaya, ko makarantar da takarda ta ce an kammala alhali babu rufi, ba a gane su sai an jera lambobin nan kusa da juna. Shi ya sa kwamitoci ke fita ziyarar gani da ido. A jiha mai ƙananan hukumomi 23, daga Birnin Gwari zuwa Sanga, wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma kwamitin da ya bari ma'aikatar da zai duba ta ɗauki nauyin motarsa da masaukinsa ya riga ya ɗaure bakinsa da kansa.

Bayan an kashe kuɗi

Sashe na 125 ya kafa ofishin babban mai binciken kuɗi na jiha, wato odita janar. Cikin kwana 90 da karɓar lissafin shekara daga akanta janar zai miƙa rahotonsa ga majalisa, ita kuma ta ba kwamitin lissafin kuɗin gwamnati. Rahoton ne ke nuna kuɗin da aka fitar babu rasit, da wanda aka ba ma'aikaci bai dawo da bayani ba, da kwangilar da aka biya ba a yi ba. A nan manyan sakatarori suka fi shan tambaya, domin su ne ke da alhakin lissafin ma'aikata.

Darasin Kaduna

A 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ci gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina ta yau, amma jam'iyyar NPN ce ke da rinjaye a majalisa ƙarƙashin kakaki Mamman Abubakar Ɗanmusa. Majalisar ta yi ta ƙin amincewa da sunayen da ya miƙa, har ya yi mulkinsa babu kwamishinoni. A ranar 23 ga Yuni 1981 aka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Abin lura shi ne majalisar da ta hana naɗa kwamishinoni ta hana kanta mutanen da za ta riƙa tambaya.

A watan Maris 2018 Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da bashin dala miliyan 350 da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta nema daga Bankin Duniya. Sanatocin jihar uku, Shehu Sani da Suleiman Hunƙuyi da Danjuma La'ah, duk sun ƙi goyon baya, Shehu Sani ne kuma ke shugabantar kwamitin basussuka na Majalisar Dattawa a lokacin. Daga baya an samu bashin.

Batun ya sake tasowa a 2024, bayan Gwamna Uba Sani ya faɗa a taron jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85. A watan Afrilu majalisar jiha ƙarƙashin kakaki Yusuf Liman ta kafa kwamitin wucin gadi kan basussuka da kwangiloli na 2015 zuwa 2023, aka kira tsofaffin kwamishinoni da 'yan kwangila. Rahoton da ya fito a watan Yuni ya yi zargin karkatar da naira biliyan 423. El-Rufai ya musanta, ya kuma garzaya kotu yana cewa ba a ba shi damar kare kansa ba. Ko wane ɓangare mutum ya tsaya, abu ɗaya ba ya ɓoyuwa: an yi waɗannan tambayoyi ne bayan gwamnatin ta sauka, alhali kowace shekara cikin takwas ɗin nan kasafinta ya bi ta gaban majalisa.

Inda abin ke rauni

Ƙin amsa gayyata ya zama ruwan dare. A 2018 Sufeto Janar na 'yan sanda Ibrahim Idris ya ƙi zuwa gaban dattawa har sau uku, kuma tunda 'yan sanda ne ake aika su kawo mai taurin kai, majalisar ba ta da yadda za ta yi illa ta fitar da ƙuduri. A 2017 an kira shugaban kwastam Hameed Ali, tsohon gwamnan soja na Kaduna, a kan harajin motoci, sai gardamar sa kaki ta danne ainihin maganar.

Akwai kuma laifin masu tambayar kansu. Farouk Lawan, ɗan Majalisar Wakilai wanda ya jagoranci binciken tallafin man fetur a 2012, kotu ta same shi da laifin karɓar rashawa a 2021. A binciken hukumar raya Neja Dalta na 2020, minista Godswill Akpabio ya ce 'yan majalisa na cikin masu cin kwangilolin hukumar, aka yi ta roƙonsa ya kashe makirufo. A jihohi kuwa babbar cuta ita ce zama 'yan amshin shata inda jam'iyyar gwamna ta cika zaure. Gyaran kundi na 2018 ya tanadi a riƙa biyan majalisun jihohi kuɗinsu kai tsaye don kada gwamna ya ja su da yunwa, amma aiwatar da shi ya ɗauki shekaru ana jayayya, har ma'aikatan majalisu suka shiga yajin aiki a kansa a 2021.