Kariyar keke ba kujerar yaro ba ce

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo kan titi da ƙarfinsa. Malamin makarantar da ya jingine babur saboda tsadar mai, da ɗan kasuwa, da ma'aikacin gwamnati, kowa ya kakkaɓe tsohon kekensa ko ya nemi na gwanjo. A Maiduguri kuwa tun 2011, lokacin da aka hana hawa babur a cikin gari, keke ya zama abin hawan babba da yaro. Mu ma'aikatan lafiya wannan ya yi mana daɗi, don mun daɗe muna roƙon jama'a su riƙa motsa jiki. Sai dai akwai wani rauni da ke tafe tare da keken, kuma ƙananan yara yake samu: ƙafar yaron da aka goya a kariya, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan keke, ta faɗa cikin wayoyin taya. A kansa nake so mu yi magana, don ciwo ne da kuɗi kaɗan ke hana shi, amma in ya faru sai a yi watanni ana jinya.

Kada wani ya ɗauka ina hana hawa keke ne. Ina ma kowa zai hau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuma awa ɗaya kowace rana. Mai tuƙa keke rabin awa, kwana biyar a mako, ya cika wannan ma'auni ba tare da ya biya ko sisi ba. Yana taimaka wa mai hawan jini da mai ciwon suga, yana rage ƙiba, kuma ba ya dukan gwiwa kamar gudu, shi ya sa nake ba dattawa masu nauyin jiki shawararsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma a 2018 ta ware ranar 3 ga Yuni a matsayin Ranar Keke ta Duniya. Wanda zai hau don shan iska ya zaɓi bayan asuba ko bayan la'asar, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, ya kuma riƙe ruwa. Mai ciwon suga da ke shan magani ya sa dabino biyu a aljihu saboda faɗuwar suga. Wanda ke jin ciwon ƙirji ko numfashinsa ke sarƙewa in ya ɗan yi aiki, ya fara ganin likita tukuna.

Wajen saye, tambayar farko ita ce me keken zai ɗauka. Samari sun fi son keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, ko mai giya da yawa. Suna da kyau a kwalta, amma siririyar taya ba ta son yashi, kuma mai tuƙi yana duƙe ne, ba ya ganin abin da ke bayansa da sauƙi. Ga magidancin da zai kai yaro makaranta, tsohon samfurin nan irin Raleigh ko Phoenix, mai ƙarfen jiki da faffaɗar taya da zama a miƙe, ya fi. Wanda ma ya fi su duka shi ne wanda ake kira keken mata, wanda ba shi da sandar tsakiya. Dalili kuwa, idan yaro na zaune a baya ba za ka iya wurga ƙafa ta kansa ka hau ba, dole ta gaba za ka shigar da ita. Babu abin kunya ga namiji ya hau shi. Kafin ka biya, ka tsaya keken na tsakanin ƙafafunka ka ga tafin ƙafarka duka biyu sun taka ƙasa. Ka hau sirdi ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa. In ƙafar ta miƙe daidai, tsayin sirdin ya yi. Ka matse birkin gaba da na baya ɗaya bayan ɗaya ka tura. A na gwanjo ka duba wuraren da ƙarafa suka haɗu, nan ne tsatsa da tsagewa ke ɓuya a ƙarƙashin sabon fenti.

Keken da za a saya wa yaro ya tuƙa da kansa kuma, don Allah a bar maganar “a sayi babba, zai girma ya same shi”. Yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, yatsunsa ba su kai birki, ba shi da ikon tsayar da abin da ya hau. Taya mai inci 12 ta dace da ɗan shekara 3 ko 4, mai inci 16 da ɗan 5 ko 6, mai inci 20 daga nan zuwa wajen shekara 9. Yaron da bai kai shekara 10 ba bai iya ƙiyasta gudun mota ba tukuna, don haka filin unguwa ne wurinsa, ba bakin titi ba.

To, mu dawo kan goyo. An yi kariya ne don kaya: buhun masara, jarkar ruwa, damin itace. Kaya ba ya motsi, ba ya gyangyaɗi, ba shi da ƙafa mai lilo. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 idan aka ɗora shi a kai, ƙafafunsa gajeru ne, suna sauka daidai inda wayoyin taya ke juyawa, kuma babu inda zai taka. Da keke ya faɗa rami, ko yaron ya waiga kallon wani abu, ko barci ya fizge shi, sai dunduniya ta shiga. Waya ta kama ƙafar ta matse ta da ƙarfen keken, tayar kuma ba ta tsaya nan take ba, domin mai tuƙi bai san abin da ke faruwa ba sai ya ji ihu. A cikin wannan ɗan lokacin abu uku ke faruwa tare: fata ta saɓule, naman da ke ƙarƙashinta ya murƙushe, ƙafar kuma ta murɗe, wani lokaci har ƙashin ƙwauri ya tsage kusa da idon sawu.

Abin da ya fi damuna da wannan ciwo shi ne yaudararsa. Ranar farko za ka ga ɗan ƙujewa ne a gefen idon sawu, jini kaɗan, sai a ce Allah ya kiyaye, a shafa wani abu a ɗaure. Amma ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da fatar sun riga sun murƙushe, kuma fatar wurin siririya ce, ba nama sosai tsakaninta da ƙashi. Bayan kwana uku zuwa biyar sai wurin ya yi baƙi, fatar ta mutu, ta fara ruɓa. An taɓa kawo mana wata yarinya da ba ta wuce shekara 4 ba, wanta ne ya goyo ta daga Islamiyya. Sai da aka kusa mako kafin a zo da ita. Da na kwance tsumman, warin ne ya fara tarbata. An zuba baƙin mai a ciwon, dunduniyar ta yi baƙi ƙirin, agara na leƙowa fara a ƙasan ruɓaɓɓen naman. Mahaifinta na tsaye yana ta cewa, “Wallahi malam, ɗan ƙujewa ne kawai.” Gaskiya ya faɗa, haka ya gani a ranar farko. Dole muka tura su babban asibiti, aka yanko fata daga cinyarta aka dasa.

Hana wannan ba wuya. Abu na farko, a rufe tayar baya ta gefe biyu, daga ƙarƙashin kariya zuwa ƙasa da inda ƙafar yaron ke kaiwa. In ba a samu murfin kanti ba, tsohuwar jarka ta isa: a yanka ta gida biyu, a goge bakin kada ya yi kaifi, a huda, a ɗaure da waya a jikin ƙarfen keke yadda ba za ta taɓa taya ba. Mai gyaran keken unguwa zai yi maka shi kana tsaye. Na biyu, wurin taka ƙafa, da ɗan maɗauri da zai riƙe ta. Na uku, kujera mai jingina da gefe biyu da bel, a ɗaure ta da noti a jikin kariya, ba da igiyar roba ba. Akwai ta kanti, mai walda ma na iya ƙera ta, sai dai a sa masa ido ya goge duk wani tsini, a kuma shimfiɗa soso. A rufe sifirin da ke ƙarƙashin sirdi, yana datse yatsun yara. Yaron ya sa takalmi rufaffe. Silifa ba ta kare komai, sau da yawa ma ita ce ke fara zamewa yaron ya miƙa ƙafa ya kamo ta. A ƙasar Jamus wannan duka doka ce: ba a goya yaro a keke sai a kujerar da aka yi don haka, tayar a rufe yadda ƙafa ba za ta shiga ba, kuma mai tuƙin ya kai shekara 16.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya kamata mu tsaya a kansa, domin a gidajenmu yawanci ba uba ne ke goyon ba. Yaro ne ɗan shekara 10 ko 11 ake ce wa ya kai ƙaninsa makaranta, a keken da shi kansa da ƙyar yake taka feda. Wani ma biyu yake ɗauka, ɗaya a kariya ɗaya a sandar tsakiya. Na sandar nan ya fi shiga haɗari: in ƙafarsa ta shiga tayar gaba, keken tsayawa yake cak ya wuntsila, su duka su faɗi ta ka. Iyaye mata, na san aiki ya yi muku yawa da safe, kuma aiken babba ya kai ƙarami sauƙi ne. Amma in babu babban mutumin da zai goya shi, gara su tafi a ƙasa riƙe da hannun juna.

Jariri kuwa ba a hawa keke da shi sam, ko a kujera ko goye da zani. Likitocin yara na Amurka sun ce a bari sai ya cika shekara ɗaya, saboda kafin nan wuyansa bai yi ƙwarin da zai riƙe kai a kan gargada ba, balle a ɗora masa hular kwano. Ta ɗaya gefen kuma, kujerun baya na kanti yawanci iyakarsu kilo 22 ne, wato wajen shekara 5 ko 6, kuma kariya da yawa an buga 25 a jikinta, nauyin da za ta iya ɗauka ke nan. Kada a taɓa kafe keke a bar yaro a kai, ko na shiga shago ne a fito. Motsi ɗaya zai yi keken ya kife da shi. Dogon hijabi da gyale da bakin zani a tattare su a cusa ƙarƙashin yarinya kafin a tashi. Hijabin da taya ta naɗe wuya yake ja, kuma wannan ya fi raunin ƙafa muni nesa ba kusa ba.

Hular kwano ba ta masu babur kaɗai ba ce. Bincike da dama sun nuna tana rage raunin kai ga mai keke da kusan rabi. A nemi daidai kan yaron, ta zauna yatsa biyu sama da gira, a ɗaure igiyar haɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya a rahotonta na 2023 ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da babur, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Don haka mai goyo ya bi hannun dama tare da motoci, kada ya tare su gaba da gaba, ya zaɓi lungu ko da ya fi nisa. Nauyin yaro na ƙara tazarar da keke ke buƙata kafin ya tsaya, sai a fara taka birki da wuri. Bayan magariba in babu fitila a gaba da jan abu mai ƙyalli a baya, a sauka a tura.

In kuma ƙaddara ta faɗa, kada a fizgo ƙafar. A kwantar da keken, a juya tayar baya a hankali har ta saki, in ta ƙi a yanke wayoyin. A wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu, a danne da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya, a ɗaga ƙafar sama. Ban da baƙin mai, ban da man birki, toka, ƙasa, kashin shanu ko man goge baki. Ƙwayar cutar tsinkau-tsinkau a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune. A kai yaron asibiti a ranar, komai ƙanƙantar ciwon, a tafi da katin rigakafinsa don a ga ko ya samu allurar Penta, wadda ke ɗauke da rigakafin tsinkau-tsinkau, sau uku, a sati 6 da 10 da 14 da haihuwa. In ya ƙi taka ƙafar, ko ta kumbura, a yi hoto kafin a yi maganar ɗori, domin ɗaure murƙushasshiyar ƙafa tamau yana ƙara toshe jinin da ya rage mata. In kansa ya bugu kuma ya yi amai, ko ya suma, ko barci mai nauyi ya kama shi, ko jini ko ruwa ya fito ta kunne, wannan na gaggawa ne. A kan babbar hanya ana iya kiran jami'an kiyaye haɗurra ta 122. Ko an wanke an sallame ku, ku dawo bayan kwana biyu a buɗe a sake dubawa, kuma ku dawo tun kafin nan in kun ga baƙi, ko mugunya, ko wari, ko zazzaɓi.