Ga masu shirin buɗe cibiyar fasaha su sa kayansu a intanet: amsoshin tambayoyinku

Duk inda matasa masu zane da masu ɗaukar hoto suka taru suna shirin buɗe wajensu, tambayoyin nan dai ake jefo mini. Bakina ya gaji, shi ya sa na rubuta. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Mece ce cibiyar da masu fasaha ke tafiyarwa da kansu?

Waje ne da masu aikin suka buɗe, mabuɗi na hannunsu, su ke yanke abin da za a nuna da wanda za a koyar. Ɗaki ɗaya da tabarma da kwali biyu na littattafai ya wadatar a kira shi cibiya.

Ba kwaikwayon Turawa ba ne?

A'a. Tun 1961 marubuta da masu zane suka buɗe kulob ɗin Mbari a Ibadan. A Kano, marubutan ƙungiyar Raina Kama da kansu suka riƙa buga littattafansu suna kai su kasuwa, ba su jira kamfani ba. A Jakarta ta Indonesiya akwai ƙungiyar ruangrupa, wadda aka kafa a 2000. Ita aka damƙa wa babban baje kolin fasaha na documenta na 2022 a Kassel ta Jamus, kuma ta tsara shi bisa al'adar rumbun shinkafa na gayya da ake yi a ƙauyukan ƙasarsu, ƙungiyoyin da aka gayyata suna da tukunyar kuɗi ɗaya da suke shawara a kanta. A daina wannan tambayar.

Sai mun yi kuɗi irin na Ibrahim Mahama, mai fasahar nan ɗan Gana?

Ku kwantar da hankalinku. Gaskiya ne da kuɗin ayyukansa ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a Tamale ta Gana a 2019, sannan Red Clay, inda ya jibge tsofaffin jiragen sama ya mai da su ajin yara. Abin koyi a wajensa shi ne inda ya kai kuɗin: garinsu, ga yaran da ba su taɓa shiga gidan baje koli ba. Ku fara da kuɗin haya na shekara guda da littafin shiga da fita da kowane ɗan ƙungiya zai iya buɗawa.

"Kayan kowa" na nufin kowa ya kwasa yadda ya ga dama?

Ko kusa. Ku ɗauke shi kamar rijiyar unguwa: kowa na jan ruwa, amma akwai ranar yasa, akwai mai hana yara jefa shara. Taskar hotuna ko waƙoƙi da aka buɗe wa jama'a ita ma sai da mai rubuta sunan wanda ya yi aikin da shekara da gari, da mai biyan kuɗin ajiya. In babu waɗannan mutanen, cikin shekara biyu za ta lalace.

Muna da shafin Facebook da Instagram, bai isa ba?

Wannan ita ce ke ɓata mini rai. Shafin nan ba naku ba ne, na kamfani ne, kuma ranar da ya ga dama zai rufe shi ko ya canza dokoki. A 2019 dandalin sada zumunta na MySpace ya amsa cewa waƙoƙin da mutane suka ɗora daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta wajen sauya na'urori. Okadabooks, inda marubutan Najeriya da yawa suka riƙa sayar da littattafai, ya rufe a 2023. Hoton da kuke turawa ta WhatsApp kuma matse shi ake yi, sai in an tura shi a matsayin fayil. Ku yi talla a waɗannan wurare, ban hana ba. Amma ainihin fayil ya zauna a na'urar ajiya biyu, a gida biyu daban, da kwafi na uku a wuri irin Internet Archive, taskar ajiya ta intanet.

Wane lasisi za mu sa?

Na Creative Commons, wato lasisin da mai aiki ke sawa don faɗa wa jama'a yadda ya yarda a yi amfani da aikinsa, waɗanda ake amfani da su tun 2002. BY: a yi amfani, a ambaci sunanka. SA: wanda ya sarrafa aikin ya sake shi da irin sharaɗin. NC: ban da kasuwanci. ND: ban da sauyawa. Wikimedia Commons, taskar hotuna da sauti da Wikipedia ke amfani da ita, ba ta karɓar NC ko ND. Kuma in ka saki aiki da lasisin, ba ka iya janye shi daga wanda ya riga ya ɗauka, don haka a yi tunani kafin a danna.

An ba mu buhun tsofaffin kaset na makaɗa da hotunan wani situdiyo da ya rufe. Mu kwafe mu ɗora da buɗaɗɗen lasisi?

To, a nan sai mun tafi a hankali. Kwafewa dai ku yi ta yau, domin zaren kaset na mannewa da zafi, hoto kuma damina na cin sa. Ɗorawa ce mai wuya.

Wanda ya ba ku buhun ya mallaki robar kaset ne da takardar hoto. Haƙƙin abin da ke ciki yana iya kasancewa a hannun wani. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙa da rubutu da zane suna da kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai su, hoto da ɗaukar murya kuma shekara 50 daga fitar da su. Ku yi lissafi da Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999: baitocinsa na cikin kariya har ƙarshen 2069, ko da a ce wa'adin ɗaukar wani kaset ɗin ya cika. Ke nan kaset ɗaya na iya zama da masu haƙƙi fiye da ɗaya, magadan mawaƙi da wanda ya ɗauki muryar, wani lokaci har da 'yan amshi. Ba za ku sa lasisi a kan abin da ba naku ba.

In waƙar gargajiya ce da ba a san mai ita ba, irin ta daɓe ko ta niƙa, kada ku ce shi ke nan ta kowa ce. Dokar Najeriya ta ware al'adun gargajiya, kuma cin kasuwa da su na buƙatar izinin Hukumar Haƙƙin Mallaka. A Gana ma akwai hukumar da ke kula da wannan. Kowace ƙasa da nata tsarin, saboda haka wanda ke Nijar ko Kamaru ya nemi lauyan can.

Sai abin da ya fi doka nauyi a wajena. Hoton situdiyo na matar aure da aka ɗauka don mijinta, yanzu tana da jikoki. Kaset ɗin biki da maroƙi ke zambo ga wani gida da sunansu. Wa'adi zai iya cika, mutuncin mutanen nan kuwa yana nan. Shawarata, kuma ta danganta da irin kayan: ku kasa su uku. Wanda kuka sami magada suka sa hannu a takarda, a ɗora. Wanda ba a gano masu shi ba, a rubuta bayaninsa a intanet, mai so ya zo cibiya ya saurara. Wanda zai kunyata wani, a adana a rufe. In za ku je wajen magada, ku tafi da dattijo, ku kai musu kwafi mai kyau, ku karanta musu sharaɗin da Hausa. In suka ce a'a, to a'a ce.

In wani ya sayar da aikina fa?

In BY ka sa kuma ya ambace ka, bai yi laifi ba, kai ka yarda. In bai ambace ka ba ya karya sharaɗi, ka rubuta masa, ka kai ƙara ga dandalin da ya ɗora.

Wa zai riƙe lambar sirrin shafukan?

Kada ya zama mutum ɗaya, ko da shi ya kafa cibiyar, ko da ɗan uwanku ne na jini. Mutane na tafiya karatu, ana saɓani, ana rasuwa. A buɗe imel da sunan cibiya, mutum uku su san lambar, a rubuta a takardar yarjejeniya inda taskar za ta koma in ƙungiya ta watse. Ku yi wannan a zaman farko, tun kuna shiri da juna.