Bature mai doki ya tafi, yanzu wa zai yashe kanal ɗin?

Assalamu alaikum manoman rani da masu dawaki, musamman ku na sashenmu da muke haɗuwa a bakin getin sakin ruwan kanal da sassafe. Ni malamin gona ne, kuma abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne rigimar satin da ya wuce, wadda da ba don dattawa sun shiga tsakani ba da sai an kwana a wajen 'yan sanda. Wani bawan Allah ne ya kafa turken ingarmansa a kan gaɓar ƙaramin kanal saboda akwai ɗanyar ciyawa a wurin, doki kuwa ya yi ta tono da kofato har ƙasar ta yi laushi, cikin dare ruwa ya ɓalle ya bi hanya, gari ya waye masu gonakin can ƙarshen layi ko ɗigo ba su gani ba alhali ranar ruwansu ce kuma alkamarsu tana fitar da kai. Mai doki ya ce shi fa bai shiga gonar kowa ba. Eh bai shiga ba, amma fangalin mutum goma sha ya bushe ta dalilinsa.

A wajen sulhun ne wani dattijo ya ce ai da zamanin Turawa ne da ba a yi haka ba. Maganar ta tsaya mini a rai, don akwai gaskiya a ciki akwai kuma abin da ya manta, shi ya sa zan ɗauke ku zuwa Sudan, inda Turawan Ingila suka yi aikin ban ruwa mafi girma a mulkinsu na Afirka, wato aikin Jazira.

Jazira fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, baƙar ƙasa mai danƙo, tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu kudu da Khartum. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman auduga mai dogon zare, sai aka fara gwaji da injin famfo a Tayiba a 1911, da aka ga ta yi kyau aka gina madatsar Sennar aka gama a 1925, ruwa ya riƙa gangarawa da kansa ba inji ba mai. An fara da fadan dubu 300, fadan ɗaya ya ɗan fi eka kaɗan, daga baya da aka ƙara ɓangaren Manakil filin ya kai wajen fadan miliyan 2. Tsarin na tarayya ne tsakanin mutum uku: gwamnati ita ke da dam da manyan kanal, kamfanin Sudan Plantations Syndicate shi ke kula da noman da gurzar auduga da sayarwa, sai manomi da aka yanka wa gona, abin da suke kira hawasha, shi ke da aikin hannu. In an sayar da auduga kashi 40 cikin ɗari na manomi ne, sauran gwamnati da kamfani su raba. Dawar da ya shuka kuwa tasa ce ba mai taɓa masa ko zangarniya.

Kuma ba labarin wasu can ba ne, akwai 'yan uwanmu a ciki. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin har yau sunansa yake amsawa. Ga kuma alhazan ƙafa, Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda kan tsaya su yi shekara biyu uku suna tsinkar auduga su tara guzurin ƙarasawa Makka, da yawa ba su dawo ba. Wasu sun samu hawasha lokacin da farashin auduga ya faɗi a farkon shekarun 1930 mutane suka riƙa barin gonaki, amma mafi yawa ƙwadago suka yi ta yi, suna zaune a 'yan unguwannin gefen kanal da ake kira kambo, ba gona ba takardar fili.

To ga inda dokin ya shigo. Kowane yanki akwai sufeto Bature, a kan doki yake zagaye gonaki, ya duba wa ya yi noma wa bai yi ba, wa ya bar ciyawa ta cinye magudanarsa, wa ya buɗe ruwa ba ranarsa ba. Ruwa yana fitowa daga babban kanal ya shiga ƙarami, daga nan ya shiga wata magudana da suke kira Abu Ishirin wadda ke shayar da fadan 90, sannan Abu Sitta ta kai shi cikin gonar mutum, kuma kusan duk sati biyu layi ke zagayowa. Wanda ya yi sakaci a ci shi tara, in ya maimaita a ƙwace hawashar a ba wani. Abin da dattijonmu ya manta ke nan, tsaftar kanal ɗin nan da tsoro aka same ta, manomi ba shi da bakin cewa bana ba zan shuka auduga ba, kuma har yajin aiki manoman suka yi a 1946 a kan kuɗinsu da aka riƙe a asusun ajiya. Ni dai ba na fatan a dawo mana da wannan. A 1950 wa'adin kamfanin ya ƙare aka kafa hukumar Jazira, tafiya ta yi tafiya, laka ta riƙa cike kanal gyara yana raguwa, a 2005 aka yi doka aka miƙa ƙananan kanal ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa ba tare da an ba su ƙarfin riƙewa ba, na ƙarshen layi suka shiga uku, sannan yaƙin da ya ci Wad Madani, babban birnin yankin, a ƙarshen 2023 ya zo ya ƙarasa lalata abin da ya rage. Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

Mu ma nan tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwa yake gangaro mana haka nan, kuma mu ma yanzu an ce ƙananan kanal namu ne, na ƙungiya. Ba sufeto ba doki ba bulala. Amma ku duba yadda muke yi: a kira aikin gayya na yashe mutum 40 ke shan layin mutum 9 su fito, a ce kuɗin ruwa kowa ya ce sai ya sayar da tumatir, na kusa da geti ya jera saifon, wato bututun zuƙo ruwa daga kanal, ya sha ya ƙoshi har ya yi ambaliya a hanya, kacala ta tsaya a cikin kanal ta fi mutum tsawo tana riƙe laka, ga gidan jan baki a cikinta. Wallahi na sha auna ruwa a bakin geti in bi shi da ƙafa zuwa ƙarshe in tarar ko rabi bai isa ba, ba wai dam ne ya ƙafe ba, a hanya ya zube.

Abu ɗaya da nake so mu ɗauka daga Jazira shi ne juyin shuka. Ba auduga kawai suke yi ba, akwai dawa, akwai wani wake mai yaɗo da suke kira lubiya, wanda mu malaman gona muke ce wa lablab, akwai kuma shekarar da ake barin ƙasa ta huta. Waken nan don dabbobi ake shuka shi kuma yana mayar wa ƙasa ƙarfi. Mu kuwa shinkafa a kan shinkafa, sai mai doki ya rasa inda zai samu ɗanye a watan Maris, dole ya lallaɓo gaɓar kanal. Da kowane manomi zai ware ko fangali huɗu ya zuba lablab ko waken harawa, ya yanka ya shanya a inuwa don kada ganyen ya kakkaɓe, da ya samu kuɗi kafin sallah, don duk wanda ya taɓa sayen harawa ana saura sati biyu hawa ya san yadda take tsada. Mai barga kuma ga taki yana tarawa yana rasa inda zai kai. A yi musaya mana, kai harawa shi taki.

Masu dawaki, yanzu da ku nake. Dawakinmu na asali irin na Barno da na ƙasar Hausa akwai jinin dokin Dongola na arewacin Sudan a jikinsu, dogayen ƙafafu, karan hanci a ɗan tanƙware, ga jure zafi da ƙishi. Amma mun raina goɗiya, kowa ingarma yake so na hawan daushe da kilisa, goɗiyar da za ta haifo shi an bar ta a ƙauye tana cin kara. Wata 11 take ɗauke da ciki, watanni ukun ƙarshe ne ɗan ke girma sosai, lokacin ne take buƙatar harawa mai kyau da dusa da ɗan gero da kanwa daidai misali, ba a ɗora mata kaya ba. Kada a kai ta barbara tana 'yar shekara 2, a bari ta kai 3 ko 4, kuma a daina haɗa ta da ubanta ko ɗan uwanta don kawai ingarman gidan ne ba a son biyan na waje, dukushin da za a samu ba zai yi ƙwari ba.

Sai maganar ɗaure doki a bakin ruwa da yamma, wannan ko ba don gaɓar kanal ba ku daina don dokin kansa. Akwai wasu ƙananan ƙwari masu cizo, ba su kai sauro girma ba, a cikin taɓo da jiƙaƙƙiyar ƙasa suke hayayyafa, irin wurin da kanal ke yoyo, kuma daga magariba zuwa asuba suke fitowa. Su ke ɗauke da annobar dawaki. Na ga wani kili da ta kama, da safe ya ƙi cin dusa jikinsa zafi rau, ramin nan na saman ido ya cika ya kumbura, kwana biyu yana numfashi da ƙyar ya baje ƙafafu, kafin ya faɗi kumfa ce ke fita ta hancinsa. Ba ta da magani in ta kama, sai rigakafi, don haka ku nemi likitan dabbobi ya yi allurar kafin damina, a shigar da doki barga kafin rana ta faɗi, a yi hayaƙi, mai hali ya sa raga mai ƙananan ido. In ya mutu a binne shi da zurfi, kar a bar wa karnuka, su ma tana kama su ta naman.

Yaran da kuke turawa wankin doki a kanal kuma, ku tambaye su launin fitsarinsu. Ruwan da ke kwance cikin ciyawa gidan katantanwa ne, daga jikinta tsutsar tsargiya ke fita ta huda fatar yaro ba tare da ya ji ba. Jazira ta sha wannan sosai, don ƙananan kanal ɗinsu an yi su ne su riƙe ruwa da dare a yi ban ruwa da rana, sai tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suka samu wurin zama. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu iyaye ke cewa, cuta ce mai lalata mafitsara, maganinta praziquantel kuma akwai shi a asibitin sha ka tafi, da awon tsawo ko nauyin yaro ake ba da shi. A ɗebi ruwa a jarka a wanke doki can nesa da gaɓa, kuma don Allah a daina fitsari da bahaya a cikin kanal, ta nan ƙwan ke komawa ruwa.

Shugabannin ƙungiya sun amince za a ware wurin shayar da dabbobi guda ɗaya a ƙasan layi, a zuba masa dutse, turke kuma ba a kan gaɓa ba ko na waye. Yashe ranar Asabar ne bayan sallar asuba, daga ƙarshen layi za mu faro mu yo sama, kowa ya zo da shebur da lauje da takalmin roba in yana da shi, wanda ba zai samu zuwa ba ya turo ɗan ƙwadago. Mai ingarman nan ma ya ce zai kawo amalanke biyu na jar ƙasa a toshe inda ya ɓalle.