Mece ce ƙafar kariya, kuma me ya sa ita ke fara karyewa?

Ranar Alhamis idan motoci suna dawowa daga kasuwar Maigatari, ko ranar Juma'a a hanyar Wudil, da wuya ka ga bas ko Sharan da samanta babu kaya. Buhuna, tabarmi, katifa, kwandon kaji, wani lokaci har da keke. Abin da ke riƙe da wannan lodi shi ne kariya, wato ragar ƙarfen nan da ake ɗaurawa a saman mota. Ƙafar kariya kuwa ita ce guntun ƙarfen da ya haɗa ragar da jikin motar. Yawanci huɗu ne, a doguwar bas su kai shida ko takwas. Duk nauyin da aka ɗora a sama ta cikinsu yake bi ya sauka a bodi, amma idan direba ya je wurin mai walda, su ne abin da ba a cika tsayawa magana a kansu ba. Sai ka ji ana cewa, "Maigida, a sa mini fayif mai kauri, kaya nake ɗauka ba wasa ba." Ƙafa kuma a lanƙwasa duk ƙarfen da hannu ya kai gare shi.

A ganina nan ne kuskuren yake. Kwanon rufin ƙaramar mota bai kai kaurin milimita 1 ba, ka danna tsakiyarsa da tafin hannu za ka ji ya lotsa. Ƙarfin rufin yana gefe-gefe, inda aka ninka ƙarfe, da kuma saitin ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi. Saboda haka tambayar farko ga mai ƙera ƙafa ita ce: a ina za ta tsaya?

Amsar ta danganta da motar. Tsofaffi irin su Peugeot 504, J5 da tsohuwar Hiace suna da ɗan kwararon ruwa da ya zagaye rufin. Su ne mafi daɗin aiki. Ƙafar tana zama cikin kwararon, a yi mata wani ƙarfe mai baki kamar ƙugiya da zai kamo ta ƙasa, noti ya matse su biyun. Abin lura shi ne faɗin tafin ƙafar. Idan siriri ne, nauyin zai taru wuri guda ya buɗe kwararon, fenti ya fashe, da damina ta zo tsatsa ta shiga. Mai walda da ya san aikinsa ba ya yanka ƙarfe sai ya fara yanka kwali. Zai ɗora kwalin a gefen rufin, ya zana lanƙwasar da fensir, ya rage da almakashi, ya sake gwadawa har ya zauna daram. Zai yi na gaba daban, na baya daban, domin rufin mota ba shimfiɗe yake ba, yana gangarawa. Wanda ya yi ƙafafu huɗu da awo ɗaya, to biyu ne za su ɗauki kayan, sauran biyun suna lilo.

Wasu motocin, kamar Golf mai dogon baya da Sharan, sukan zo da dogayen sanduna biyu a rufi daga kamfani, sai ƙafar ta rungume su kawai. Wasu kuma suna da ramukan noti da aka ɓoye ƙarƙashin ƙaramin murfi ko robar da ta bi gefen rufin. Yana da kyau a ɗaga a duba kafin a ɗauko injin huji.

Mai wahalar ita ce mota mai rufi sumul, ba kwararo ba sanda. A nan ne ake yawan ɓarna: a huda kwanon, a zura noti, a ɗaure. Bayan ɗan lokaci ramin ya faɗaɗa, ruwa ya riƙa ɗiga a kan fasinja. Idan hudawar ta zama dole, a yi ta kusa da gefe, a sa farantin ƙarfe mai faɗi ta ciki ya raba nauyin, a toshe da gam. Tsakanin ƙafa da fenti kuma a shimfiɗa roba, ko ta tsohon tib ce. Aikin gammo take yi: tana raba nauyi, tana hana ƙarfe cin ƙarfe. Waldace ƙafa kai tsaye a jikin rufi kuwa ban ga amfaninsa ba. Wutar na ƙone fenti ciki da waje, tana raunana kwanon, kuma ranar da ka so sayar da motar ba ka da yadda za ka cire.

Sai maganar nauyi, wadda ba a son ji a tasha. Kowace mota akwai iyakar abin da kamfani ya ce rufinta zai ɗauka tana tafiya. A mafi yawan ƙananan motoci tsakanin kilo 50 ne zuwa 100, da yawa kilo 75, kuma har da nauyin kariyar kanta a lissafin. Ke nan idan an zuba mata ƙarfe ta kai kilo 30, saura 45, bai kai buhun siminti ɗaya ba, balle babban buhun masara mai kilo 100. Kaurin fayif ɗin da ake alfahari da shi yana cinye rabon kaya ne. Kuma nauyin da ke tsaye daban yake da mai tafiya. Mota ta faɗa rami a hanyar burji, buhun nan sai ya daki ƙafafun da ƙarfin da ya fi nauyinsa nesa. A taka burki da ƙarfi, kayan su yi gaba. A sha kwana, su yi gefe, kuma da yake suna can sama, motar ta fi saurin jirkicewa. Katifa ko kwanon rufin gida kuwa iska ce ke shiga ƙarƙashinsu ta ɗaga, don haka dole ƙafa ta iya riƙe abin da ke fizgar ta sama, ba mai danna ta ƙasa kaɗai ba. Ba don neman rigima jami'an hukumar kiyaye haɗurra ke tsayar da mota mai tulin lodi ba.

Gargada ita ce ke ƙarasa aikin. Girgizar da ba ta ƙarewa tana kwance noti, tana kuma tsaga ƙarfe a daidai bakin walda, musamman inda ƙafa ta yi tsayi ba a sa mata ɗan ƙarfe mai kusurwa uku ya tokare ta ba. Shi ya sa gajeriyar ƙafa ta fi doguwa. A nemi kusoshin ɗaura noti masu lamba 8.8 a kansu, wadda ke nuna ƙarfinsu, a sa wosha, a ɗaure da noti biyu ko mai roba a ciki, a shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin na ado. Bayan tafiyar farko da kaya, a sa sifana a sake bin kowane noti. Idan kuma ka ga siririn layin tsatsa yana gangarowa daga gindin walda, ƙarfen ya riga ya tsage, a sauke kariyar a gyara kafin a sake yin lodi.