PG-13 ba ya nufin fim ɗin yara

Kwanan nan kowa ya zama masanin PG-13, alamar shekarun masu kallo da ake sa wa fim. Masu sharhin finafinai a rediyo da Facebook sai ka ji sun ce "wannan PG-13 ne, a bar yara su kalla", kamar hatimin halasci aka buga masa. Abin ya fi yawa idan fim ɗin na matasa ne da suka gudu daga gida suka kama hanya: tunda jarumar ba ta wuce shekara 15 ba, wai ai na sa'anninta ne.

Alamar daga Amurka take, ƙungiyar manyan kamfanonin finafinansu ce ke ba da ita, kuma gargaɗi ce ga iyaye cewa akwai abin da wataƙila bai dace da ɗan ƙasa da shekara 13 ba. An ƙirƙiro ta a 1984, bayan iyaye sun yi ƙorafi a kan Gremlins da Indiana Jones and the Temple of Doom, finafinan da suka fito da PG, alama mai sauƙi da ke ƙasa da PG-13, duk da abubuwan firgici da ke cikinsu.

Ga inda abin ke ba ni haushi. Masu tantancewar ƙirga suke yi: jini, tsiraici, ƙwaya, ashar. Babbar ashar sau ɗaya takan wuce a PG-13, idan ta maimaitu yawanci fim ya koma R, wato ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sinima ya kalla sai da babba. Amma ba wanda ke auna irin zaƙin da labari ya sa wa shi kansa gudu daga gidan.

Ku dubi fim ɗin Badlands na 1973. Saurayi ɗan shekara 25 ya harbe mahaifin yarinya 'yar 15, ya cinna wa gidan wuta, suka bar Dakota ta Kudu suka nufi Montana, yana kashe mutane a hanya. An gina shi ne a kan labarin Charles Starkweather, wanda ya kashe mutum 11 a Nebraska da Wyoming tsakanin 1957 da 1958, yawancinsu yana tare da budurwarsa 'yar shekara 14. Alamar da aka ba fim ɗin? PG, domin a lokacin babu PG-13 ma. Fim ne da ya tsaru, ban ƙi ba. Yarinyar ce ke ba da labarin cikin sanyin murya, da kalaman littattafan soyayya, kuma babba zai gane cewa wannan rashin damuwar tata shi ne ainihin abin tsoron. 'Yar shekara 13 kuwa, abin da za ta gani mota ce da saurayi, babu mai cewa ta dawo gida kafin magariba.