Lambobin da Ke Jikin Gwal: Me Suke Faɗa wa Mai Saye?

Idan ka juya zobe ka duba cikinsa, ko ka kalli maɗaurin sarƙa da kyau, sau da yawa za ka ga 'yan lambobi ƙanana kamar ƙwayar gero. Ga tambayoyin da aka fi yi a kansu.

Mene ne 875, 916 da 750?

Suna faɗin yawan zinare tsantsa a cikin kashi dubu. Zinare zalla taushi gare shi, ko da haƙori sai a lotsa shi, shi ya sa maƙera ke gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa don ya yi ƙwari. Tsantsar shi ne karat 24, ana rubuta masa 999. Karat 22 shi ne 916, karat 21 kuwa 875, shi ne mafi yawan abin da hajiyoyi ke dawowa da shi daga Makka da Jidda. Sai 750 na karat 18, da 585 na karat 14, da 375 na karat 9.

Lissafin kan zo da sauƙi a kan sikeli. Sarƙa mai giram 10 da aka buga wa 875 tana ɗauke da zinare giram 8.75. Wadda aka buga wa 750, giram 7.5 ne. A ido kusan ɗaya suke, amma ranar sayarwa ake ganin bambancin. A kayan ƙasashen Larabawa lambar kan zo da rubutunsu, wato ٨٧٥ ko ٢١.

To 925 fa?

Wannan azurfa ce. Ko da abin ya yi rawaya yana walƙiya, ruwan gwal aka yi masa a sama.

Na ga "18K GP" a jikin ɗan kunne. Gwal ne?

A'a. GP, GEP da HGE duk na nufin wani ƙarfe ne aka shafa wa ruwan gwal. GF ya ɗan fi kauri, amma shi ma lulluɓi ne. Mai sayarwa zai nuna miki 18K ɗin, ke kuma haruffan da ke gefensa za ki duba.

Duk abin da aka buga wa lamba ya tabbata ke nan?

Nan ne mutane suka fi yaudaruwa. Lambar da maƙeri ya buga da kansa maganarsa ce kawai, kuma ƙarfen buga 916 ba wuyar samu gare shi ba. Hatimin gaske shi ne wanda wata hukuma daban ta buga bayan ta gwada kayan.

Ingila ta daɗe da wannan tsari. Tun 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya yi dokar a gwada azurfa a buga mata kan damisa, kuma daga 1478 ake kai kaya zauren maƙeran zinare na Landan don gwaji. Har yau kan damisa ne alamar ofishin gwaji na Landan. Bamingam anka ce ta jirgin ruwa (garin da ko teku ba ya kusa da shi), Shefil furen wardi, Edinbura fada mai ganuwa. Cikakken hatimi a can abu uku ne dole: alamar mai kayan, lambar tsafta, da alamar ofishin gwaji.

Indiya ta wajabta hatimin hukumarta ta kula da ingancin kaya, BIS, a 2021, kuma kowane kaya na da lambarsa ta HUID mai haruffa da lambobi shida, wadda za a iya bincika ta a waya. Alamar Italiya, wadda kamfanin da kansa ke bugawa, kan zo da tauraro, lambar kamfani da haruffan lardi, misali AR na Arezzo.

Idan babu hatimi sam, jabu ne?

Ba lallai ba. Tsohon awarwaron gado na iya gogewa, zoben da aka rage wa faɗi na iya rasa wurin lambar, kuma maƙeran gida da yawa ba sa buga komai. Ko a Ingila, zinaren da bai kai giram 1 ba ba a tilasta masa hatimi.

Yaya zan gwada?

Maganaɗisu ba ya jan zinare, amma ba ya jan tagulla ma, don haka rabin gwaji ne. 'Yan gwal suna goga kayan a baƙin dutse su ɗiga ruwan asid su ga ko zanen zai ɓace. Manyan shaguna suna da na'urar da ke karanta ƙarfe da haske, sai dai fatar sama ta fi gani. A gwada jikin sarƙar da kansa, don akan ɗauko maɗauri mai 750 na gaske a liƙa wa sarƙar banza. Kuma a sa mai shago ya rubuta karat da nauyi a rasit kafin a miƙa kuɗi.